Jarkar da Na Bi Har Zugu

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau da ƙafafuna. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata, da ku samarin can baya masu danna waya, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ku ɗan ajiye wayar, labarin nan ya fi abin da kuke kallo.

Sunana Iliya. Waɗanda muka zo tare daga Bukkuyum sun san ni. Ku mutanen Gummi kuma, in kun taɓa tsayawa shan mai a bakin hanyarmu, to ni ne dogon nan mai surutu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a gidan man wani Alhaji, mutumin kirki, ba zan kama sunansa ba don ban nemi izininsa ba. Aikina shi ne famfo. In za a kwashe mai daga wannan tanki a mayar wancan, ni ake kira.

A garinmu ba a ce mini Iliya kawai. Iliya Hanci ake ce mini. Direba zai zo da kwalba ya ce, "Iliya, shinshina mini wannan, an yi masa haɗi ko kuwa?" In kai hanci sau ɗaya in ce masa akwai ruwa, ko in ce an zuba kananzir a ciki. A gwada a ga haka ne. Kai, na ji daɗin sunan nan! In aka kira ni da shi har tafiyata canzawa take yi.

To ga abin da ba ku sani ba, abin da na ɓoye wa Fasto, na ɓoye wa Alhaji, na kuma ɗauka na ɓoye wa matata. Ni mashayin fetur ne. Ba da baki ba, da hanci.

Tun ina saurayi abin ya fara, lokacin ina sayar da mai a kwalabe a bakin tasha. Kun san yadda muke yi, a tura tiyo cikin duro, a sa baki a zuƙo. Ran farko na yi amai. Bayan wata biyu sai na lura in na zuƙo kaina yana yin wani irin sakayau, damuwa ta tafi, yunwa ta tafi. Daga nan na soma zuƙowa ko babu mai saye.

Da na samu aikin gidan mai kuwa, ai an kai ni inda nake so. Kullum da safe ni ne na farkon zuwa. Alhaji yana yabona wai ba ni da lalaci. Bai san murfin tanki nake yi wa sammako ba. In buɗe wai zan tsoma sandar awo, in duƙa, in ja numfashi har sai ƙasa ta fara juya mini. Ina da wani ɗan tsumma a aljihu, kullum a jiƙe. Jama'a, da tsumman nan nake shiga sujada! Ina tsaye a cikin mawaƙa, ina jan murya ta ƙasa, hannuna ɗaya yana cikin aljihu. In aka ji wari a jikina sai a ce ai aikinsa ne.

Sannu a hankali abinci ya daina yi mini daɗi. Matata Rifkatu, ga ta can zaune a layi na uku tana sunkuyar da kai, ta sha faɗa a kan miya. In ce ba gishiri, in ce ba daddawa, in ce hannunta ya lalace. Wata rana na tsaya kusa da mai tsire, hayaƙi yana dukan fuskata, na ji ba na jin komai. Na je na shinshina kananzir, na shinshina fetur, na shinshina ruwan randa. Duk ɗaya. Hancin da nake taƙama da shi ya mutu.

Kuna tsammani na faɗa wa wani? Ina! Aka ci gaba da kawo mini kwalabe, na ci gaba da kai hanci ina yamutsa fuska irin ta masana. Kalar man nake dubawa, da fuskar mai shi, in yi canki. Shekara guda cur ina wannan ƙarya.

Sai ranar da Ubangiji ya ce ya isa.

Damina ce, tsakiyarta, an kwana biyar ana ruwa. Da safe muka ga ruwan sama ya fara tsiyaya cikin tankinmu na fetur na ɗaya, Alhaji ya ce in kwashe abin da ke ciki in mayar na biyu. A lokacin famfo ɗaya gare mu mai ja, irin wanda ake turawa a kan taya, ɗayan ya lalace an kai gyara. Tiyonsa kauri ne da shi kamar damtsena, tsawonsa ya kai taku ashirin. Na jona, na tayar, na kwashe fetur tas, na kashe.

Ku saurara nan, don a nan maganar take. In ka kashe famfo, mai ba ya ƙarewa a cikinsa. Cikin famfon a cike yake, tiyon ma a cike yake. Dokar da Alhaji ya koya mini tun ran da na fara aiki ita ce, in ka ja fetur kana so ka ja kananzir, sai ka ɗaga tiyon ka tsiyaye shi a wani duro da muka ware. Sannan ka tura kananzir kaɗan ya wanke hanyar, shi ma a duron nan, kafin ka kai bakin tiyon ko'ina. Na san dokar nan kamar sunana. Amma na riga na saba tsallake ta, in ce ai zan shinshina in ji.

Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga Inna Hajo. Wata dattijuwa ce daga Zugu, ta daɗe tana sayen kananzir a wurinmu, tun ina sabon zuwa take ce mini ɗanta. In ta zo ba ta rasa ƙulla mini ɗan ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a bakin zane. Ran nan ta sauko daga babur da 'yar jarkarta, fuskarta sai haske.

Ta ce, "Iliya ɗana, yi mani barka! Ɗiyata Balki ta haihu, yau kwana huɗu, mace anka samu. Tana gida wurina tana wanka."

Na yi mata barka, na tambayi mai jego.

Ta ce, "Lahiya lau take, sai dai icce duk ya jiƙe. Wutar ruwan wanka ba ta kamawa sai na yayyafa kananzir, ga fitilar ɗaki ba a kashe ta. Yi mani da sauri, mai kabu-kabu shina jira na. Sun ce in azahar ta yi ba su komawa."

Ku iyayenmu mata kun fi ni sanin wankan jego. Safe da yamma sai an tafasa ruwa a rabin duro, kwana arba'in ba fashi. Kuma kun san hanyar Zugu, ba a bin ta kai kaɗai, masu babur haɗuwa suke yi su tafi tare saboda mutanen daji.

Ƙaramin tankin da muke sayar da kananzir daga ciki ya ƙare ƙaf, sai an jawo daga babba. Na dubi famfo, na dubi duron tsiyaya can nesa, na dubi Inna Hajo tana leƙen babur. Na ce a raina wannan ai ɓata lokaci ne. Na jona famfon a babban tankin kananzir. Don in nuna mata ita ta gida ce, ban ma bari man ya shiga ƙaramin tanki ba, na ɗauki bakin tiyon na tura cikin jarkarta.

Na ce, "Inna, na farkon fitowa na ba ki, ko ƙasan tanki bai taɓa ba."

Na kai hanci bakin jarkar, na gyaɗa kai, na ce mai kyau ne. Ta sa mini albarka. Da hannuna na ɗaure mata jarkar a bayan babur. Bayan sun tafi na tura ɗan kaɗan cikin ƙaramin tanki, na kashe famfo, na ce sai rana ta yi sanyi in ƙarasa. Na zagaya bayan ɗakin janareta da tsummana.

Ƙarfe biyu Rifkatu ta kawo mini abinci, ta zo da kwalba ta ce in zuba mata kananzir na risho. Alhaji ya tafi masallaci. Na buɗe ƙaramin tanki na cika mata. Ko karɓa ba ta yi ba ta ja da baya.

Ta ce, "Baban Hannatu, wannan ai fetur ne."

Na ce, "Ke za ki koya mini mai? Ni?"

Ta ce, "Ban ce zan koya maka ba. Na ce warin fetur yake yi."

Na fara ɗaga murya, kun san marar gaskiya da hayaniya. Ta kamo hannuna, ta buɗe tafin, ta ɗiga man a kai. Kananzir in ya zuba a hannu zama yake yi, da maiƙo. Wannan kuwa sanyi na ji, kafin in ƙirga goma ya bushe, ya bar fari a fatata.

Ta dube ni ta ce, "Hancinka ya mutu tun bara. Tuwo ya ƙone a gabanka ba ka ji ba. Tsumman aljihunka kuma ni nake wanke wandon. Na yi shiru ne ina kai ka gaban Ubangiji. Wa ka sayar wa?"

Wayyo! In na cikin tanki, wanda ya biyo baya, haka yake, to na cikin jarkar Inna Hajo fa? Na farkon fitowa! Kusan zallan fetur na ɗaure mata a babur. Da yamma za ta tsuguna a gaban murhu mai garwashi ta yayyafa. In hakan bai tashi da ita ba, za ta cika fitila ta kai ɗakin da mai jego take kwance da jaririyar kwana huɗu, a rufe ƙofa.

Inna Hajo ba ta da waya. Na kira mai babur ɗin da ya ɗauke ta, ba ta shiga, can wurin sai an hau tudu ake samun sabis.

Yanzu zan faɗa muku abin da ya fi ba ni kunya, don in na ɓoye shi shaidar ba ta cika ba. Na ce wa Rifkatu ta jira ni. Na zagaya baya, na tsaya a kan murfin tankin fetur. Sai wata murya a cikin kaina ta fara yi mini magana, a hankali, kamar aboki. Ta ce, wa ya gani? Zugu da nisa. In wani abu ya faru za a ce tsautsayi ne. In ka faɗa, aikinka ya tafi, sunanka ya tafi, kuma kai Kirista ne a garin nan, ka san yadda magana take juyawa. Buɗe murfin ka ja sau ɗaya tukuna, kanka ya daidaita.

Na duƙa. Hannuna yana kan murfin, har na fara murɗawa.

A nan gwiwoyina suka kai ƙasa, cikin laka. Ban yi wata addu'a mai tsari ba. Cewa na yi, "Yesu, ni maƙaryaci ne. Na kashe hancin da ka ba ni, yanzu ga shi zan kashe mutum uku. Ka riƙe hannun tsohuwar nan har in isa. Sunan nawa a ɗauke, aikin a ɗauke, ba na so. Ka riƙe mata hannu kawai."

Ban ga haske ba, ban ji tsawa ba. Amma na saki murfin. Na cire tsumman daga aljihu na jefa cikin bokitin yashi. Na miƙe na san abin da zan yi, kuma tsoro ya fita daga cikina. Haleluya!

Alhaji yana dawowa daga masallaci na tare shi tun bai ajiye carbi ba. Na faɗa masa duka, famfon, tiyon, jarkar, hancin, tsumman. Ban rage komai ba.

Ya yi salati, ya ce, "Wa da wa sunka saya?"

Na ce, "Inna Hajo kaɗai, ranka ya daɗe."

Ya sa kwaɗo a ƙaramin tankin da hannunsa, ya jefa makullin a aljihu. Ya sa aka ɗebo kananzir mai kyau daga ƙasan babban tanki, ba ta famfo ba, aka cika wata jarka. Sannan ya miƙo mini makullin babur ɗinsa.

Ya ce, "Maganata da kai sai ka dawo. Amma ka san hanyar ga, yanzu ba kowa bisa gare ta. Ba ni tilasta ka."

Na ce, "Ni na ɗaure mata jarkar, ni zan kwance ta."

Rifkatu ta dafa kafaɗata ta ce in tafi, tana nan a durƙushe har in dawo.

Hanyar nan ran nan ba hanya ba ce, kunu ce. Sau biyu na faɗi. A wani rafi ruwa ya kai mini cinya, na sauka na tura babur ina roƙon kada ya shaƙi ruwa. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, ba ka ganin abin da ke taku biyar a gabanka. Ko mutum ɗaya ban gamu da shi ba. A da, ko da rakiya aka ce in bi hanyar nan da la'asar sai na nemi dalilin ƙi. Ran nan kuwa rana kawai nake kallo, tana sauka, ina cewa, "Riƙe mata hannu, riƙe mata hannu."

A bakin gari 'yan sa-kai suka tare ni. Ban ga laifinsu ba. Ku duba fa, baƙo shi kaɗai, da yamma, daga cikin daji, jarka a bayan babur, jikinsa yana warin fetur. Kowa ya san su wa ake kai wa mai a ɓoye a yankinmu. Babbansu, wani kakkauran mutum da na ji suna kira Mamman, ya riƙe kan babur ɗin.

Ya ce, "Sauka. Wa za ka kai ma wanga?"

Sai ga ni ina sake tona asirin kaina a gaban mutanen da ban taɓa gani ba. Na ce ni ne na sayar wa Inna Hajo fetur a madadin kananzir, kuma yanzun nan za ta hura wutar wanka. Na ce su riƙe babur, su riƙe jarkar, in sun ga dama su ɗaure ni daga baya, amma su bar ni in isa gidan.

Mamman ya dube ni, ya dubi sama wajen gari inda hayaƙi ya fara tashi daga gidaje. Ya ce, "Gida na ukku bayan masallaci, mai ƙofar kara. Ruga, ina bayanka. In ƙarya kake, ka sani."

Na ruga. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka na bar shi. Mamman da nauyin jiki da bindiga, na ba shi rata.

Na isa zaure na kwaɗa sallama. Shiru, sai ƙarar daka daga ciki. Na sake, na sake. Ta saman danga na hango wani siririn hayaƙi, irin na jiƙaƙƙen itace da ya ƙi kamawa. 'Yan'uwa, a nan aka haife ni, na san namiji baƙo ba ya wuce zaure, balle gidan da ake jego. Tunda nake ban taɓa yi ba. Na ce Ubangiji ka gafarta, mutanen gida su ma su gafarta, na kutsa.

Ga abin da idona ya gani. Rabin duro a kan murhu. Itace a jere, garwashi ja a ƙarƙashi. Inna Hajo a tsugune, gwangwanin madara a hannunta, cike. Jarkar a buɗe kusa da ƙafarta. Taku huɗu daga nan, a ƙofar ɗaki, Balki tana zaune a kan tabarma da jaririya a cinya. Hannun tsohuwar ya riga ya miƙe kan wutar.

Ban yi ihu ba, don in ta firgita za ta watsa. Na tsallaka na kama wuyan hannunta da hannu biyu, na ja shi baya a hankali, gwangwanin yana tsaye, ko ɗigo bai zuba ba.

Mata suka fasa ihu. Mai daka ta yar da taɓarya. Inna Hajo ta ɗago ta ga ni ne, jikina duk laka, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ta ce, "Iliya! Haukacewa ka yi? Cikin gidana?"

Na ce, "Inna, ki zage ni daga baya. Sakar mini gwangwanin. Fetur na ba ki."

Na rufe jarkar, na fita da ita da gwangwanin. Kafin in kai waje maza sun cika ƙofar gida, wasu da sanduna, kuma da gaskiyarsu. Mamman ya iso yana haki, ya shiga tsakani, ya ce a bari a gani tukuna. Muka je fili can nesa da gidaje. Na ajiye jarkar a wani wuri daban, na zuba kaɗan daga gwangwanin a murfin kwano, kamar cokali uku. Na ce kowa ya ja baya. Aka ɗaura tsumma a bakin doguwar gora aka kunna, na miƙa daga nesa. Gorar ba ta ma taɓa murfin ba. Fuu! Wuta ta tashi ta wuce tsawona.

Cokali uku ke nan.

Inna Hajo ta zauna a ƙasa daɓas. Can ta ce, "Sau ukku ina ɗaukar gwangwanin ga. Na farko ɗiyar ta yi kuka na aje. Na biyu akuya ta shiga cikin dawa na aje. Wanga shi na na ukku."

Kun ji? Sau biyu! Ina can ina faɗuwa a laka ina cewa riƙe mata hannu, Ubangiji yana nan yana aiki da kukan jaririya da akuya. Ku ce Amin!

Kada ku ɗauka rungume ni ta yi. Ta wanke ni tas a gaban jama'a, ta ce na ci amanar ƙuli-ƙulinta, ta ce tsawon banza gare ni. Na durƙusa na karɓa, don ko rabin abin da na cancanta bai kai ba. Da ta gaji ta ce a kawo mini ruwa in wanke ƙafa. A zauren Mamman na kwana, da safe na biyo ayarin masu babur na dawo.

Alhaji bai kore ni ba, amma ya raba ni da famfo. Ya ce mai irin ciwona ba a barin shi kusa da tanki, ya mayar da ni shagonsa na hatsi. Na tsaya a gaban Fastonmu da dattawa na faɗi komai. Na je asibiti, likita ya duba ni ya ba ni magani, ya ce ba ya yi mini alkawarin hanci zai dawo. Makonnin farko ba sauƙi. Kai kamar zai tsage, in babur ya wuce sai in ji yawu ya cika mini baki. Sau da yawa na kama hanyar tasha, Rifkatu ta sha gabana, mu durƙusa a tsakar gida mu yi addu'a har abin ya wuce. Tun daga ranar laka har yau ban sake kai hanci bakin tanki ba. Ba ƙarfina ba ne, kun dai ji irin ƙarfin nawa.

Bayan wata bakwai Alhaji ya mayar da ni, kuma ya ce ni zan riƙa kula da duk wani jan mai. Yanzu famfo biyu gare mu, kowanne da tiyonsa. Na fetur na shafa masa jan fenti, na kananzir shuɗi, ko makaho ya laluba zai gane don na ɗaura wa ɗaya igiya. Ba na tayar da famfo sai na tsoma sanda na ga tankin da zai karɓa yana da wuri, sai na maƙala wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, sai abin kashe gobara da bokitin yashi suna inda hannuna zai kai. In famfo yana aiki ba na matsawa ko nan da can, ko Alhaji ne ya kira ni sai ya jira. Masu zuwa da injin ban ruwa wai a ja musu fetur da shi, da masu zuƙo tiyo da baki, sun san ni, faɗa muke yi. In kuma ka kawo mini kwalba ka ce in shinshina, zan ce maka Iliya Hanci ya mutu a hanyar Zugu, kawo mu gwada yadda ya kamata. Mai sauri ya yi fushi ya tafi, gobe zai dawo da ransa.

Saura abu ɗaya in zauna, na ga Baba Fasto yana duba agogo.

Wata rana da hantsi ina shara a gaban tanki sai ga Inna Hajo da goyo. Sun kawo yarinyar rigakafi, ta ce bari ta biyo in ga wadda na yi wa gudu da takalmi ɗaya. Ta kwance ta ta ɗora mini a hannu. Yarinya ta yi ɓulɓul, tana kama mini gemu. Ina cikin yi mata wasa sai na ji wani abu ya bugi hancina. Na tsaya. Na sake ja. Yana nan! Kusan shekara biyu ban ji warin komai a duniya ba. Hawaye suka ɓalle mini, ina riƙe da 'yar mutane ina kuka kamar yaro, ina cewa na gode Yesu, na gode Yesu.

Inna Hajo ta leƙo ta ce, "Kai Iliya, mi kake ma kuka? Kashi fa ta yi maka."

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma ina gaya muku, tunda aka haife ni ban taɓa jin abin da ya kai wannan daɗi a hancina ba. Yarinyar da na kusa ƙonawa, tana raye, tana ci tana sha har tana ɓata mini riga.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ban san abin da ke cikin aljihunka ba. Nawa tsumma ne. Kada ka jira sai an ɗaura wa wani jarka a babur kafin ka fito da shi. Faɗi gaskiya tun da sauran rana, ka dogara ga Yesu, yana da ikon riƙe hannun da kai ba za ka iya kaiwa ba. Na gode wa matata da ta yi shiru tana addu'a, ta kuma yi magana ran da ya kamata. Godiya da yabo da ɗaukaka su tabbata ga Ubangiji, wanda ya riƙe gwangwanin nan har na iso. Amin.